NASA ADS: rumbun da ke nuna ainihin aikin masanin taurari da abokan tafiyarsa, da wuraren da alƙalumansa ke ruɗarwa

Ɗalibin Fiziks da ya kammala digiri na biyu a jami'o'in Legas na Akoka ko Ojo, idan ya tashi neman malamin da zai duba masa digirin digirgir a waje, yawanci Google Scholar yake fara buɗewa ya ga wa ya fi tarin ambato, wato yawan lokutan da wasu maƙaloli suka kafa hujja da aikinsa. A wasu fannonin hakan kan wadatar. A fannin taurari mai ƙarfin makamashi kuwa, wato na masu bin diddigin hasken gama da hasken X da ƙwayoyin nutirino da ke fitowa daga kewayen baƙin rami ko daga fashewar tauraro, lambar nan takan kai mutum ƙofar da ba ita ba. Sai ka ga matashin da bai daɗe da gama digirinsa ba yana da ambato dubbai, ga kuma wata farfesa da ta shekara ashirin tana jan ragamar bincike ba ta kamo shi ba. Dalilin yana cikin yadda ake sa suna a maƙala a wannan fanni, kuma rumbun da ya fi iya warware ƙullin shi ne NASA ADS, wanda cikakken sunansa Astrophysics Data System.

Cibiyar nazarin taurari ta Smithsonian, wadda ke haɗe da ta Jami'ar Harvard a garin Cambridge na jihar Massachusetts a Amurka, ita ke gudanar da shi da kuɗin hukumar NASA tun farkon shekarun 1990. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo, kuma ana iya bincike ba tare da rajista ba. Adireshinsa ui.adsabs.harvard.edu. A ganina babu na biyunsa ga mai son sanin nauyin aikin wani masani da mutanen da yake aiki da su a zahiri. Sharaɗin guda ne: sai an tace sakamakon da hannu. Wanda ya rubuta suna ya karanta lambar farko da ta bayyana, bai tsira daga ruɗin da ya baro a Google Scholar ba.

Shafin yana da ɗan nauyi. A waya, musamman da yamma idan sabis ya yi rauni a unguwanni masu cunkoso irin su Agege ko Idi-Araba, yakan tsaya yana juyawa. Akwai sauƙaƙaƙƙen shafi da aka tanadar wa masu raunin intanet, ana samunsa idan aka ƙara /core a ƙarshen adireshin. Yana yin bincike yana nuna taƙaitaccen bayanin maƙala da sauri, ba ya cin data, sai dai babu zanen abokan aiki a cikinsa. Don haka neman maƙala a waya ba matsala, amma aikin auna mutum na kwamfuta ne. Wani abu mai daɗi shi ne duk binciken da ka rubuta yana shiga cikin adireshin shafin, sai ka kwafe shi ka ajiye ko ka tura wa abokin karatu ta WhatsApp, in an ɗauke wuta ba ka yi asarar komai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na'urorin wannan fanni manya ne ƙwarai, ba jami'a ɗaya ke gina su ba. Kumbon Fermi da aka harba ranar 11 ga Yunin 2008 yana ɗauke da na'urori biyu, LAT da GBM, kuma masana daga ƙasashe da dama ne ke kula da su. H.E.S.S., mai kallon hasken gama daga ƙasa, tana Namibiya, madubai huɗu masu faɗin mita 12 da na biyar mai mita 28 da aka ƙara a 2012. IceCube, mai farautar nutirino, tana can ƙuryar kudancin duniya, na'urorin gano haske 5,160 a jikin igiyoyi 86 da aka binne cikin ƙanƙara, an kammala ta a Disambar 2010. A irin waɗannan haɗaka, al'adar ita ce duk mamban da ya cika sharuɗɗa sunansa yana shiga kowace babbar maƙala, kuma ana jera sunayen bisa tsarin haruffa. Shi ya sa tsofaffin maƙalolin Fermi da yawa suke farawa da Abdo ko Ackermann, na H.E.S.S. da Aharonian ko Abramowski ko Abdalla, na IceCube da Aartsen ko Abbasi. Sunan da ke gaba ba ya nufin shi ya jagoranci aikin.

Misali mafi girma shi ne abin da ya faru ranar 17 ga Agustan 2017. Na'urorin LIGO da Virgo suka ji kaɗawar sarari daga karon taurarin nutiron guda biyu, bayan kimanin daƙiƙa 1.7 kuma na'urar GBM ta kumbon Fermi ta ga walƙiyar hasken gama daga wannan nahiya ta sama. Aka gano wurin a gungun taurari na NGC 4993, nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 130. Maƙalar da ta haɗa dukkan abin da aka gani tana da marubuta sama da 3,000, kuma an ambace ta sau dubbai. Kowane ɗaya daga cikin marubutan nan, Google Scholar yana zuba masa dukkan ambaton a asusunsa. Kamar tirelar albasa ce da 'yan kasuwa da yawa suka haɗa kuɗi suka yi lodinta, ta sauka a kasuwar Mile 12, sai kowannensu ya rubuta a littafinsa cewa tirela guda ya kawo. Ba ƙarya ya yi ba cewa yana da hannu a ciki, amma ba ka san buhu nawa ne nasa ba.

Lambar wannan maƙala a ADS ita ce 2017ApJ...848L..12A, kuma yana da kyau a iya karanta ta. Gurabe 19 ne kullum: huɗu na shekara, biyar na sunan mujalla, huɗu na juzu'i, ɗaya na alama ta musamman, huɗu na shafi, na ƙarshe kuma harafin farko na sunan marubucin farko. Ɗigo-ɗigon suna cike gurbin da ya rage ne. Harafin A na ƙarshe na Abbott ne, wanda tsarin haruffa ya sa a gaba. Kowace maƙala a rumbun tana da irin wannan lamba tata ita kaɗai, kuma da ita ake nuna wa mutum takamaimiyar maƙala ba tare da ruɗani ba.

Aikin tacewa yana farawa da rubuta suna daidai. A akwatin bincike ana rubuta author:"Wane, A", sunan dangi a gaba, waƙafi, sannan harafin farko na sunan yanka. Wannan yana kwaso duk wani Wane da sunansa ya fara da A, ko Adamu ne ko Amina. Idan ka san cikakken sunan ka rubuta shi, idan kuma kana son ADS ya daina haɗo sunaye masu kama sai ka sa alamar daidai a gaba, =author:"Wane, Adamu", ko da yake hakan yana zubar da maƙalolin da aka rubuta sunan da harafi ɗaya kawai. Daga nan a ƙara property:refereed don a tsaya kan waɗanda masana suka tantance. Sai matakin da ya fi komai muhimmanci a wannan fanni: author_count:[1 TO 15]. Wannan yana barin maƙalolin da marubutansu ba su wuce goma sha biyar ba. Ba doka ba ce a tsaya a 15, ana iya sa 10 ko 20, abin nufi shi ne a ware manyan maƙalolin haɗaka gefe a ga abin da ya rage. Sau da yawa jerin da ya kai ɗari uku yakan dawo talatin, kuma a cikin talatin ɗin nan ne ake ganin tunanin mutum da abin da ya damu da shi.

Alamar ^ tana fitar da waɗanda shi ne marubuci na farko: author:"^Wane, A". A ƙananan maƙaloli wannan yana da ma'ana sosai, domin a nan na farko shi ne ya yi yawancin aikin. Ga mai neman malami akwai wata dabara da ta fi wannan amfani, wato pos(author:"Wane, A",2), wadda ke fitar da maƙalolin da sunansa ya zo na biyu. A ilimin taurari malami yakan zo na biyu bayan ɗalibinsa, wani lokaci kuma na ƙarshe. Idan ka ga sunaye daban-daban na matasa daga jami'arsa a gaba, shi yana biye, shekara bayan shekara, to mutum ne mai yaye ɗalibai, kuma ɗalibansa suna fitar da aiki. Idan ka haɗa da year:2020-2025 ka ga babu ko ɗaya, to ka yi tambaya kafin ka aika takardar nema. Wannan bayani ya fi kowace lambar ambato amfani ga ɗalibi, domin shekara uku ko huɗu na rayuwarsa zai miƙa wa mutumin.

A yi hattara da tacewa biyu da suke zubar da abu ba tare da sanarwa ba. Ta farko ita ce collection:astronomy. Tana taimakawa wajen korar likitoci da injiniyoyi masu suna iri ɗaya, amma masana wannan fanni suna yawan wallafawa a mujallun Fiziks irin su Physical Review D da Physical Review Letters, wasu maƙalolin kuma suna iya faɗuwa. Gwara a gwada da ita, a gwada babu ita, a duba bambancin. Ta biyu ita ce arxiv_class:astro-ph.HE, rukunin wannan fanni a arXiv, rumbun da masana ke ajiye daftarin maƙalolinsu kyauta. Sai wajajen 2009 aka rarraba rukunin taurari zuwa ƙananan rukunai, don haka aikin da mutum ya yi kafin nan ba zai fito ba, sai dattijon masani ya zama kamar jiya ya fara.

Idan jerin ya tsabtata, sai a danna Explore a zaɓi Citation Metrics. Shafin da zai buɗe shi ne zuciyar wannan rumbu. Yana ba da adadin maƙaloli, adadin ambato, adadin ambaton kai, da yawan karantawa, kowanne a ginshiƙi biyu, na duka da na waɗanda aka tantance. Layin da ya kamata ido ya fara sauka a kai shi ne Normalized citations, inda ake raba ambaton kowace maƙala da yawan marubutanta. A ɗauka wata maƙala tana da ambato 1,200 da marubuta 400, rabon kowa 3 ke nan. Wata kuma tana da ambato 90 da marubuta 3, rabon kowa 30. A lissafin Google Scholar ta farko ta ninka ta biyu fiye da sau goma sha uku, a wannan lissafin kuwa ta biyu ce ta ninka ta farko sau goma.

Ƙasa da nan akwai ma'aunai. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, shi ne sananne: mai h 20 yana da maƙaloli 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Ba ya la'akari da yawan marubuta ko kaɗan, don haka a wannan fanni yakan kumbura. Ma'aunin m yana raba h da shekarun da suka wuce tun maƙalar farko, yana ɗan daidaita matashi da dattijo. Wanda na fi ba wa nauyi shi ne tori, da Alberto Pepe da Michael Kurtz suka tsara a 2012. Yana fara cire ambaton kai, sannan kowane ambato da ya rage ya raba shi da abu biyu: yawan marubutan maƙalar da aka ambata, da yawan madogarar da ke cikin maƙalar da ta yi ambaton. Idan maƙalar mutum uku ta samu ambato daga maƙalar da ta jera madogara 50, nauyin ambaton kashi ɗaya ne cikin 150. Hikimar ita ce ambato daga maƙalar da ta jera sunaye ɗari biyar bai kai na wadda ta zaɓi ashirin ba. Abokinsa riq yana ɗaukar tushen murabba'in tori ya raba da shekarun aiki ya ninka da 1,000, don a iya kwatanta mutanen da ba tsara ɗaya ba.

Akwai wani tarko a nan da mutane da yawa ba su lura da shi. ADS yana kiran ambato "na kai" ne idan maƙalar da ta yi ambaton tana cikin jerin da ka ba shi. Idan ka riga ka ware manyan maƙalolin haɗaka, ambaton da suka yi wa ƙananan maƙalolin mutumin zai shiga lissafi kamar na baƙi. Maganinsa a rubuta binciken kai tsaye: citations(author:"Wane, A" author_count:[1 TO 15]) -author:"Wane, A". Wannan yana fitar da maƙalolin da suka ambace shi waɗanda babu sunansa a ciki, kuma jerin da kansa abin karantawa ne, domin yana nuna su wane ne suke amfani da aikinsa, kuma a kan wace matsala.

Sai dai raba ambato da yawan marubuta ma yana da nasa zalunci, kuma wajibi ne a faɗe shi. A cikin marubuta ɗari huɗun nan akwai mutum biyu ko uku da suka shekara biyu a kan bayanan, suka rubuta maƙalar, suka amsa tambayoyin masu tantancewa. Lissafin yana ba su rabo daidai da na wanda ya karanta daftarin kawai. ADS ba ya nuna su a jerin sakamako. Dole a buɗe maƙalar kanta a duba ƙasan shafin farko ko ƙarshen jerin sunaye, inda H.E.S.S. da Fermi da makamantansu kan sa alama a sunayen waɗanda za a tuntuɓa. Wanda sunansa ke yawan fitowa a wannan wuri, shi ne mai riƙe da aikin. Wannan yana da muhimmanci ga malamanmu na jami'o'i ma, domin kwamitocin ƙarin girma da yawa suna fifita marubuci na farko wajen ba da maki. Malamin da ke cikin irin wannan haɗaka ya kamata ya haɗa shafin da ke nuna shi ne wanda ake tuntuɓa, tare da wasiƙa daga shugabancin haɗakar, domin kwamitin ba lallai ya san da tsarin haruffa ba.

Inda ADS ya yi wa sauran rumbuna fintinkau shi ne irin takardun da yake adanawa waɗanda ba maƙalar mujalla ba. Rubuta doctype:proposal tare da sunan mutum, sai ka ga takardun neman lokacin kallo da aka amince masa a na'urori irin su Chandra da XMM-Newton, waɗanda dukansu aka harba a 1999. Na farko a irin wannan takarda shi ne jagoran aikin, kuma samun lokacin gasa ce mai zafi. Rubuta bibstem:GCN ko bibstem:ATel ka ga gajerun sanarwar gaggawa da ake fitarwa cikin sa'o'i idan wani abu ya fashe a sama. Da irin waɗannan sanarwa aka ankarar da masu madubai lokacin da IceCube ta kama wani nutirino ranar 22 ga Satumbar 2017, wanda daga baya aka danganta da TXS 0506+056, wani gungun taurari mai ƙaton baƙin rami a tsakiyarsa, haka ma lokacin gagarumar walƙiyar gama ta ranar 9 ga Oktoban 2022. Ba kasafai ake ambatar waɗannan sanarwa ba, ba sa ƙara wa mutum h, amma suna nuna wanda hannunsa ke kan na'ura da tsakar dare. Haka nan doctype:software yana fitar da manhajoji, kuma a fannin da kowa ke dogaro da irin su XSPEC da Gammapy, marubucin manhaja ba ƙaramin mutum ba ne. Takardun ICRC, babban taron masana wannan fanni da ake yi duk bayan shekara biyu su ma suna ciki, kuma sau da yawa a nan ne sunan matashin da ya yi ainihin nazarin yake fitowa a gaba.

Batun abokan aiki kuma, hanya mafi sauƙi tana gefen hagu na shafin sakamako, ƙarƙashin Authors, inda aka jera sunayen da suka fi fitowa da adadin maƙalolin kowanne. A kan jerin da aka tace, sunaye biyar ko shida na sama su ne mutanen da yake aiki da su da gaske. A kan jerin da ba a tace ba, za ka ga sunaye masu yawa da adadi kusan ɗaya, abin da bai nuna komai ba sai cewa haɗakarsu ɗaya. A cikin Explore akwai Author Network, wanda ke zana da'ira mai yanka-yanka masu launi, kowane launi rukuni ne na mutanen da suke yawan rubutu tare. Idan ka danna rukuni sai maƙalolinsa su fito a gefe. A nan ake ganin tarihin mutum a fili: rukunin da ya yi digiri a cikinsa, wanda ya koma bayan nan, da wanda ya kafa da kansa. Masanin da ke da rukuni a ɓangaren hasken X, wani a ɓangaren rediyo, wani kuma cikin masu lissafin nazariyya, ɗalibinsa zai samu ƙofofi da yawa. Zanen yana amfani da maƙalolin farko ne na sakamakon zuwa wani adadi, don haka yadda ka jera sakamakon, ko bisa kwanan wata ko bisa yawan ambato, yana canza abin da za ka gani. A ƙarƙashin Export kuma akwai Author Affiliation, mai fitar da jadawalin abokan rubutu da cibiyoyinsu, abin da ake nema a wasu takardun neman tallafi.

Ga ɗalibin da bai da halin tafiya nesa, gwada aff:"South Africa" ko aff:"Namibia" tare da abs:"gamma-ray" yana buɗe ido. Jami'ar North-West da ke Potchefstroom da Jami'ar Namibiya suna cikin haɗakar H.E.S.S., wato akwai ƙofar shiga wannan fanni a cikin Afirka.

Babban raunin rumbun shi ne sunaye, kuma mu ne muka fi jin jiki. ADS ba ya ba kowane marubuci shafinsa na kansa kamar yadda Google Scholar ke yi, yana bin rubutun suna ne kawai. Bahaushe mai suna uku, wata mujalla ta ɗauki sunan mahaifi a matsayin na dangi, wata ta ɗauki na kaka ko na gari. Muhammad ya zama Mohammed a wata maƙala, Muhammed a wata. Mutum ɗaya sai ya tsage gida uku, kowanne da ɗan ambatonsa. Dole a haɗa rubuce-rubucen da OR, sannan a bi jerin ɗaya bayan ɗaya a cire na wasu. Neman wuri ma haka yake: aff:"Lagos" kaɗai yana iya jawo cibiyoyin Mekziko da Chile masu wannan kalma a sunansu, sai an rubuta aff:"Lagos, Nigeria". Idan ana son maƙalolin da marubucin farko yake Najeriya, pos(aff:"Nigeria",1) ne ke yin aikin, ko da yake tsofaffin maƙaloli da yawa ba a shigar musu da adireshin cibiya ba.

Gwaji mai kyau ga mai koyo shi ne author:"Okoye, S" year:1960-1970. Zai fitar da aikin marigayi Farfesa Samuel Okoye na Jami'ar Nsukka, ciki har da maƙalar da ya rubuta da Antony Hewish a mujallar Nature a 1965 kan wani ɗan ƙaramin tushen rediyo mai tsananin haske a cikin gajimaren Crab. A 1968 aka gano tauraron nutiron mai bugawa a wannan gajimare, a 1989 kuma madubin Whipple da ke Arizona ya ga hasken gama mai matuƙar ƙarfi daga gare shi, har ya zama ma'aunin da ake gwada sauran tushe da shi a fannin. Danna Citations a kan maƙalar ka bi waɗanda suka ambace ta shekara bayan shekara. Wannan gwaji yana koyar da abu biyu: yadda iyakance shekaru ke korar masu suna iri ɗaya, da kuma yadda adadin ambato na tsohuwar maƙala yake kasa nuna girman abin da ta buɗe.

Game da abokan gasarsa, INSPIRE, wanda cibiyoyi irin su CERN da DESY da Fermilab ke gudanarwa, ya fi ADS kyau a ɓangaren da ya karkata ga Fiziks na ƙwayoyin halitta, kamar nutirino da neman baƙin sinadari (dark matter), wanda ba a ganinsa sai dai tasirin nauyinsa. Yana ba kowane marubuci shafinsa, yana da maɓallin cire ambaton kai da na tsayawa kan maƙalolin da ba su wuce marubuta goma ba. Amma idan mutum masanin hasken X ne, INSPIRE yakan rasa wani ɓangare na aikinsa. Mai hankali ya duba duka biyun, kada kuma ya kwatanta lambar wani daga ADS da ta wani daga INSPIRE ko Google Scholar, domin kowanne da abin da yake ƙirgawa.

Sauran ƙananan matsaloli suna da magani. ADS yakan haɗe daftarin arXiv da maƙalar da aka wallafa su zama ɗaya, amma idan an canza take sosai wani lokaci sukan fito biyu, ambaton ya rabu. Akwai fom na Feedback a shafin don kai rahoton irin wannan. Wanda ya kwafi madogara a tsarin BibTeX zai iya ganin LaTeX, manhajar tsara maƙala, yana ƙorafin bai san \apj ko \mnras ba, domin ADS yana gajarta sunan mujalla da waɗannan umarni. A shiga saitin asusu a zaɓi cikakken sunan mujalla, a kuma iyakance yawan marubutan da za a fitar, don kada maƙala ɗaya ta cinye shafuka. Samun maƙalar kanta ya yi sauƙi yanzu: mujallun ƙungiyar masana taurari ta Amurka sun koma kyauta ga mai karatu tun Janairun 2022, mujallar MNRAS ta Birtaniya ta bi sahu a Janairun 2024, sauran kuma yawanci akwai mahaɗin arXiv a gefen dama na shafin.

Rajista kyauta ce, kuma ta cancanci minti biyar ɗin da take ɗauka. Da ita ake ajiye jerin da aka wahala wajen tacewa a matsayin Library, a dawo gobe a ga ma'aunansa ba tare da an sake aikin ba. Da ita ake samun mabuɗin API, wato ƙofar da manhaja ke tambayar rumbun kai tsaye, mai ba da damar tambaya 5,000 a rana, ga mai iya Python da ke son auna sashe guda ko ƙasa guda. NASA ta kuma buɗe sabon shafi mai suna SciX a scixplorer.org, wanda ya faɗaɗa rumbun zuwa sauran fannonin da hukumar ke tallafawa, kuma salon rubuta bincike iri ɗaya ne, don haka abin da aka koya a nan yana aiki a can.

Ga ɗalibi ko malamin da ke shirin fitar da maƙalarsa ta farko, ya buɗe lambar ORCID tun kafin ya aika. Lamba ce mai gurabe 16, kyauta, tana bin mutum duk yadda aka rubuta sunansa. Ya zaɓi rubutun suna guda ɗaya ya tsaya a kai, ya ba mujalla lambar lokacin aikawa, sannan ya shiga ADS ya kunna ɓangaren ORCID ya danna Claim a kan kowace maƙala tasa. Bayan tsarin ya sabunta, duk wanda ya rubuta orcid: da lambarsa zai ga aikinsa shi kaɗai, ba tare da na masu suna irin nasa ba.